Goron Da Ba a Raba Ba

"Ban mayar maka da goronka ba, Malam Dramani," in ji Alhaji Hamadu. "Ban kuma raba shi ba. Yana nan a ɗaka."

Na gyara zama a kan buzun zaurensa, na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Tun kafin Mauludi muka kawo goron nan, ga shi an yi Mauludi an watse, mutanen layinmu na Alabar suna ta tambayata ko an raba.

A Zongon Kumasi, idan aka kai goron neman aure, ɗayan biyu ne. Ko uban yarinya ya raba shi ga dangi da maƙwabta, kowa ya san an ba da ita, ko ya sa a mayar wa masu shi, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa jin wanda ya tura goro ƙarƙashin gado ya yi shiru ba, sai Alhaji Hamadu, babban dillalin shanu na unguwarmu.

Ya ce shi ba shi da abin faɗa a kan ɗana Brimah. Ya san shi tun yana rataye da allo, bai taɓa jin an kama shi da wani abin kunya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne karatun da ya ji yaron zai shiga a jami'ar Legon, can gefen Ankara, babban birninmu na bakin teku.

Sai ya ba ni labarin da kowa ya sani, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Shekarun baya wata babbar mota ta afka cikin garkensa a hanyar arewa, ta kashe shanu, ta karya makiyayinsa. Aka je kotu. Ya dafa Alƙur'ani ya faɗi abin da idonsa ya gani. Sai wani lauya mai hular farin gashi ya tashi ya yi ta juya shi da tambayoyi, gaba da baya, har mutanen da ke zaune suka soma dariya.

"Ya kira ni maƙaryaci da Turanci, tafinta ya maimaita da Hausa," in ji shi. "Da gemuna, a gaban yarana."

Na ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

"Ya bar karatun lauya, gobe in raba goro. Ya yi malanta, ya yi akawu, ko ya zauna a rumfarka, duk na yarda. Amma ba zan ba da 'yata Batulu ga mutumin da za a ɗauka haya ya mai da fari baƙi ba."

Na fito na saka takalmana, ban san yadda na iso gida ba.

Ni mai sayar da goro ne. Karatuna bai wuce in rubuta sunana in karanta takardar jirgin ƙasa ba. Brimah shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mana, ni da matata Humu. Tun yana ƙarami malamansa suke cewa kada mu yi wasa da kan yaron nan, muka kuwa riƙe maganar. A shekara ta biyu da samun 'yancin kai aka ce za a soma koyar da shari'a a Legon, sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka. Bai ko buɗe littafin farko ba, 'yan kasuwa sun riga sun sa masa suna Lauya. Humu kuwa in ta fita, tafiyarta ma ta canja.

Batulu takan biyo ta gaban rumfata da ƙwaryar furar mahaifiyarta. A lokacin hutu, idan Brimah yana taya ni zama, nakan ga yadda yake tona kwando yana zaɓa mata goro kamar mai zaɓen zobe, alhali na san yarinyar ba ta cin goro. Ita ma sai ta tsaya tana taya shi da ciniki kamar da gaske. Da ya zo mini da maganar, kansa a ƙasa, ban yi mamaki ba. Da hannuna na zaɓi goron, manya farare, na jera su a ƙwarya.

Na gaya wa Brimah yadda muka yi da Alhaji. Ni kuwa na kwana da dabara a raina, na faɗa masa. Na ce mu aika wa Alhaji cewa an sauya masa karatu zuwa na malanta. Waye a kara, kasuwar shanu, zai je Legon ya duba? In an ɗaura aure, shekara ta zagayo, ga jika a cinya, wa zai tuna da hular gashi?

Ya ɗago ya dube ni.

"Baba, mutumin nan yana ƙina don yana zaton zan zama maƙaryaci. In shiga gidansa da ƙarya ke nan?"

"To kai mai gaskiya, kawo taka dabarar."

"Ba ni da ita, Baba..."

Haka ya hau jirgi ya tafi, ba shi da dabara, ni ma ya hana ni tawa.

Bai daɗe da tafiya ba, wata safiya ina yayyafa wa kaya ruwa, sai na ji sallama a bayana. Batulu ce, ba ƙwaryar fura a kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna Humu, ta tambayi kasuwa, ta rasa sauran abin tambaya. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, tana so in koya mata yadda ake ajiyar goro.

Nan take na gane inda ta dosa. Goron da muka kai daushe ne, wato na bara, domin a lokacin sabo bai shigo ba. Daushe ya fi daɗi, ya fi daraja a idon surukai, amma ya riga ya ci rabin kwanansa. In aka bar shi a rufe ba kulawa, ganyen da aka lulluɓe shi da shi zai bushe, goron ya yanƙwane ko ya ruɓe. Ran da kuwa Alhaji ya buɗe ya tarar da ruɓaɓɓen goro, ba sai ya ce a'a ba. Tsofaffi za su ce Allah ne ya yanke magana.

Ta ce babanta ya san haka. Shi ya sa ya ajiye.

Na zaunar da ita a kan benci na nuna mata. Yadda ake fito da su ɗaya-ɗaya a shimfiɗa a inuwa su sha iska. Yadda ake duba kowanne a haske, a nemi ɗan baƙin ɗigon sankara, ƙwaron da ke cin goro ta ciki, a ware mai shi kafin ya shafa wa 'yan uwansa. Yadda ake zubar da tsohon ganyen fita a shimfiɗa ɗanye, a yayyafa ruwa da yatsu, ba a zuba ba. Ta kalli hannuna kamar mai ɗaukar karatu. Ta ce da zarar babanta ya tafi kara, mahaifiyarta za ta tsaya mata a bakin ƙofa.

Daga nan duk mako sai ta zo karɓar ɗanyen ganye. Ba ta taɓa tambayata labarin Brimah kai tsaye ba. Sai ta ce ko ana ruwa a Ankara, ko a makarantar nan suna samun tuwo, ko kuwa sai abincin Turawa. Ni kuma in ba ta amsa kamar ruwan da tuwon take nufi.

Ni ma ban zauna ba. Na je wurin liman, ya ce shari'a ilimi ce, ba laifi a nemanta, amma uban yarinya shi ne waliyyi, in yi haƙuri. Na je wurin wan Alhaji a unguwar Ashanti New Town, ya ci goron da na kai masa, ya ce Hamadu tun suna yara in ya kafe ko uwarsu ba ta iya tanƙwara shi, in yi haƙuri. Na tare abokin cinikinsa a bakin masallaci, ya ce ai shi ma ba ya son lauyoyi. In na dawo gida Humu ta ɗora nata: wai ni na yi gaggawar kai goro, wai da na bari yaron ya gama, da su za su riƙa bin mu. Washegari kuma ta ce ina zaune za a ƙwace wa ɗanta yarinyar kirki. Na rasa inda zan sa kaina.

Wata rana Batulu ta zo, ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini goro guda a tafin hannu. Na fasa shi. Ciki duk ya zama gari.

Ta ce ba shi ne na farko ba. Ta yi duk yadda na ce, amma suna ta raguwa, waɗanda suka rage kuma sun soma laushi. Idonta ya cika.

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai gidan goro ta zo. Ga sabo ya soma shigowa daga daji. Ta kawo tsofaffin a ɓoye in sauya mata da masu jini a jika, kowane wata in sake, har Alhaji ya gaji.

Ta share ido da gefen mayafi, ta girgiza kai.

"Baba, wanda kuka kawo aka yi addu'a a kansa. Shi zan riƙe."

Na ce a raina, wannan da Brimah, Allah ya haɗa su don su kashe ni.

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi, ina tsakiyar ciniki da wasu fatake, sai na hango wani tafe da akwatin ƙarfe a ka. Ban gane shi ba sai da ya sauke. Brimah ne, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hutu kuwa da saura.

Na sallami fataken ba tare da mun gama ba. Na ja shi bayan rumfa.

Ya ce Iddrisu direba, wanda ke kai kayanmu Ankara, ya biya ta makaranta ya ba shi labarin komai: zuwan Batulu, da ganye, da yadda ta zube kamar mai jinya. Ya ce tun ranar in ya buɗe littafi ba ya ganin rubutu. Malami yana gaba yana bayanin hukuncin wata tsohuwar ƙara, shi yana ganin yarinya durƙushe tana duba goro a haske. Ya nemi izinin 'yan kwanaki ya taho. In bai koma kafin jarrabawar ƙarshen zango ba za a cire sunansa, kuma ya yanke ba zai koma ba.

"Zan zauna a rumfa, Baba. Ai sana'ar gidanmu ce."

Ban taɓa ɗaga masa murya a kasuwa ba sai ranar. Na ce da rumfa nake so ya gada da ban bar shi ya wuce aji uku ba. Na ce duk Zongo yara nawa suka taka inda ya taka? Na tuna masa ranar da aka rushe rumfunan bakin hanya, muka tsaya a ofis kamar kurame, ba mai yi mana magana, shi da kansa ya ce wata rana shi zai tsaya mana. Ya saurara har na gama.

"Na san duk wannan. Amma ita ɗaya ce, Baba. Lauyoyi za a samu."

Humu ta yi kuka, ta yi faɗa, ta koma lallashi, ta dafa masa wake da shinkafa bai ci ba. Na dube shi a zaune a bakin ƙofa, na ga in na matsa zan iya rasa har yaron. Ranar Juma'a na sa babbar rigata na ce ya tashi mu je. Ƙafata tana tafiya, zuciyata tana ja da baya.

Bayan la'asar muka tarar da Alhaji a zaure da wansa da wasu dattawa biyu. Brimah ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa ya bar karatun lauya, a taƙaice, bai ɗago kai ba. Alhaji ya yi hamdala. Ya ce ya san ɗan halak ne, ya ce Allah ya yi masa albarka, ya juyo gare ni yana murmushi kamar ya yi mini kyauta. Na amsa da amin, bakina da ɗaci. Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa a fito da goro.

Muka ji motsi a bayan labule, da 'yar muryar uwar tana cewa ke, ke, dawo. Sai ga Batulu da kanta, ƙwaryar a hannu biyu, mayafi har goshi. Budurwa ba ta shiga zaure ana maganar aurenta. Dattawan suka dubi juna.

Alhaji ya miƙa hannu. Ta wuce shi. Ta zo gabana ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar a kan buzuna, ta tura ta har ta taɓa gwiwata.

"Baba, ga goronku. An gode."

Alhaji ya janye hannunsa.

"Batulu," in ji Alhaji, "kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Baba. Ka gafarce ni. Kai ka ce ba ka ba lauya, ban saɓa maka ba, ban kuwa taɓa roƙonka ka sauya ba. Amma ni ma ba zan zauna a ɗakin da aka rufe littafi saboda ni ba. Duk ran da ya ga abokan karatunsa sun wuce a mota, yana tsugune yana yayyafa wa goro ruwa, ni zai duba. Ko bai faɗa ba zan ji."

Brimah ya manta da inda yake.

"Wallahi ba zan taɓa... Batulu, ni na zaɓa, ba wanda ya tilasta ni."

"Ni ma na zaɓa, Yaya Brimah."

Wan Alhaji ya yi gyaran murya ya ce maganar yara ce, a mayar da ƙwarya inda take a ci gaba. Amma ɗaya daga cikin dattawan ya ce goro ya riga ya koma hannun masu shi a gaban shaidu, ba a yi kamar ba a gani ba. Alhaji ya dubi 'yarsa tsawon lokaci, sannan ya ce ta shiga gida, muryarsa ba ƙarfi.

Na ɗauki ƙwaryar. Ta yi sauƙi ƙwarai a hannuna.

Mun fito mun kai bakin lungu sai muka ji takun gudu, ga Batulu ta biyo mu. Na matsa gaba kaɗan na juya musu baya, ina duban wata akuya da ke cin ɓawon ayaba, amma kunne ba shi da marfi.

Brimah ya ce ta kashe shi. Ya ce mata hasken idonsa, ya ce me zai yi da takardar shaida in ba ita a gidan da zai rataye ta. Ya tambaye ta ko ta daina sonsa ne, ta faɗa masa gaskiya.

"Da na daina, da na bari an raba," in ji ta. Kuka ya ci ƙarfinta, ta tsaya, ta sake farawa. "Yanzu ba ka da sauran abin da zai zaunar da kai a Kumasi. Ka koma, masoyina. Ka ci abinci, ka yi karatu."

"Za ki jira ni?"

"Ba zan yi maka alkawari da abin da ke hannun Baba ba..."

Ta juya da gudu ta shige gida.

Kwana biyu Brimah yana kwance a ɗaki. A na uku da safe na tarar ya ɗaure akwatinsa. Na raka shi tasha, na ɗaukar masa kayan duk da ya hana. Na yi ta shirya maganar da zan faɗa masa, ta uba, mai nauyi, amma da jirgi ya yi kuka abin da ya fito daga bakina shi ne ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda iskar teku. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya hau. Bai leƙo ta taga ba.

Abin da na yi ta roƙon Allah na samu, ɗana ya koma makaranta. Na dawo gida na zauna a ɗaki ina hawaye kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Humu ta leƙo, ta ga halin da nake ciki, ta saki labule ta koma.

Alhaji ya daina bi ta layinmu. In muka haɗu a masallaci mukan gaisa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Na ji an ce wani mai shanu daga unguwar Atonsu ya aiko a ji ta bakinsa game da Batulu, ya ce ba yanzu ba. Ban san abin da yake nufi da hakan ba, ban kuma tambaya ba. Na gaji da tambaya.

Kasuwa ta cika da sabon goro, motoci suna ta saukewa. Wata safiya ina kwance wani kaya da ya iso daga daji, sai inuwa ta faɗo a kan kwandon. Na ɗaga kai. Batulu ce, ƙwaryar fura a kanta, ta ƙara ramewa, amma ta sa kwalli.

Ta sauke ƙwaryar ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Ta tambayi Inna Humu. Ta tambayi kasuwa. Ba ta tambayi ruwan Ankara ba. Ta daɗe tana kallon kwandunan, jan goro a nan, fari a can, duk suna ƙyalli da danshi.

Har ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta yi taku biyu, sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Baba... a cikin na banan nan, wanne ne ya fi jure ajiya?"

Na ce fararen can na gefe, in an kula da su.

"To kada ka sayar da su duka," in ji ta.

Ta shige cikin mutane. Na ja kwandon na kai shi can ƙuryar rumfa inda rana ba ta kaiwa, na lulluɓe shi da ɗanyen ganye.